Yadda Maganar Ƙiba Ta Tashi Daga Asibiti Ta Koma Majalisa

A watan Fabrairun 2024 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani rahoto da ya nuna cewa mutane fiye da biliyan ɗaya, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, suna da ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Rahoton aikin gayya ne. Masu bincike sama da 1,500 ne suka tara awon tsayi da nauyi na mutane fiye da miliyan 220, Kwalejin Imperial ta Landan ta haɗa kan aikin tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. Watanni kaɗan kafin nan hukumar ta ƙirga ƙasashe 108 da ke karɓar haraji a kan lemon zaƙi, kuma kusan duk inda aka sa harajin sai an yi ta ja-in-ja tsakanin kamfanoni da jami'an lafiya, kowane ɓangare riƙe da nasa alƙaluman. Shekaru sittin da suka wuce babu wannan gayya, babu wannan gardama. Ƙiba magana ce tsakanin mutum da likitansa, idan ma ya je wurin likitan.

A yawancin tarihin ɗan Adam yunwa ce abin tsoro, ƙiba kuwa shaidar wadata ce, kamar yadda har gobe a ƙasar Hausa ake yi wa wanda ya yi teɓa kallon wanda ya samu hutu. A shekarun 1830 wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da hanyar gwada nauyi da tsayi, amma ba don cuta ya yi ba, siffar matsakaicin mutum yake nema. Waɗanda suka fara ɗaukar ƙiba da muhimmanci kamfanonin inshorar rai ne na Amurka, domin sun lura masu jiki suna riga saura mutuwa, kuma su ke biyan diyya. A shekarun 1940 kamfanin Metropolitan Life ya fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsayi, likitoci suka yi ta amfani da shi shekara da shekaru.

Binciken haɗin gwiwa na sosai ciwon zuciya ne ya haife shi. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 na garin Framingham a jihar Massachusetts, ana auna su lokaci zuwa lokaci har ƙarshen rayuwarsu, daga baya aka ɗora da 'ya'yansu da jikokinsu. A 1958 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya haɗa kai da likitoci a Amurka da Finlan da Holan da Italiya da Yugoslabiya da Girka da Japan, suka bi maza kusan dubu goma sha uku da ma'auni iri ɗaya. Keys ɗin ne kuma a 1972 ya farfaɗo da lissafin Quetelet ya ba shi sunan da aka san shi da shi yanzu, BMI: a raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita sau kansa, idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, idan ya kai 30 ƙiba ce. Ma'aunin yana da aibu, domin bai bambanta tsoka da kitse, amma yana da arha, kuma ya sa ana iya gwada mutanen Tokyo da na Helsinki da awo ɗaya.

Keys ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitsen dabba. John Yudkin na Jami'ar Landan ya ce a duba sukari, har ya rubuta littafi a kan haka a 1972, amma aka yi masa ca, ya ƙare aikinsa ba a saurare shi ba. Sai a 2016 Cristin Kearns da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono wasiƙun da suka nuna cewa gidauniyar masu sana'ar sukari ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard dala 6,500 suka rubuta sharhin da ya fito a 1967, wanda ya rage wa sukari laifi ya jibga wa kitse. Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin bayanin komai, wai da ba a yi wannan cinikin ba da duniya ba ta yi ƙiba ba. Wannan zuzutawa ce. Hujjojin Yudkin a lokacin ba su kai na Keys ƙarfi ba, kuma kitsen dabba bai fita daga zargi ba har yau. Abin da wasiƙun suka tabbatar shi ne tun asali kamfanoni sun riga gwamnatoci gane cewa wanda ya riƙe masu bincike ya riƙe doka.

Wurin da aka fara haɗa bincike da sauya rayuwar jama'a baki ɗaya shi ne Kareliya ta Arewa, wani lardi na manoma da masu saran katako a gabashin Finlan. Binciken Keys ya nuna mazan yankin suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya, mutane masu aikin ƙarfi, ba malalata ba, amma abincinsu man shanu ne da madara mai maiƙo da naman alade da gishiri, ga taba. A 1971 shugabannin lardin suka rubuta wa gwamnati takardar koke, a 1972 aka ɗora wa wani matashin likita, Pekka Puska, alhakin aikin. Puska bai tsaya a asibiti ba. Ya jawo ƙungiyar matan gida ta Martta suka riƙa koyar da girki ƙauye ƙauye, ya zauna da masu yin tsiran nama a kan su rage gishiri da kitse, aka sa gasar rage maiƙon jini tsakanin ƙauyuka, aka taimaki masu kiwon shanun madara su koma noman 'ya'yan itacen beri, aka bunƙasa man girki na tsiro da ke iya fitowa a wannan sanyin. Abin da ya bambanta aikin da wa'azin lafiya na yau da kullum shi ne an auna jama'a kafin a fara, aka ware lardin Kuopio na maƙwabta don gwadawa, aka kuma riƙa maimaita awon duk shekara biyar. Cikin shekaru arba'in mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki a lardin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ba ƙiba aka je yaƙa a can ba, kuma ƙiba ba ta ragu a Finlan ba, amma tsarin aikin nan, a auna, a sauya abin da ake sayarwa, a sake aunawa, shi aka ɗauko daga baya.

A Amurka kuwa hanyar nasiha aka bi. Kwamitin Sanata George McGovern ya fitar da manufofin cin abinci a 1977, gwamnati ta fara buga jagorar abinci a 1980, kuma daga lokacin ne alƙaluman suka yi tashin gwauron zabo. Manya masu ƙiba kusan kashi 15 cikin ɗari ne a ƙarshen shekarun 1970, suka kai kusan 23 a farkon shekarun 1990, suka haura 30 a shekarar 2000, suka kai 42 a 2018. Ba zai yiwu a ce al'umma guda ta wayi gari ta rasa kamun kai a lokaci ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne kasuwa: kwalbar lemo ta ƙara girma, zaƙin masara mai arha ya maye gurbin sukarin rake a Coca-Cola da Pepsi a 1984, gidajen abincin gaggawa suka cika unguwanni, talla ta bi yara har cikin makaranta.

Kelly Brownell na Jami'ar Yale ya rubuta a jaridar New York Times a 1994 cewa a sa haraji a kan abincin da ba ya gina jiki, aka mai da shi abin dariya. A 1997 WHO ta kira taron masana na farko a kan ƙiba a Jeniba, ta kira ta annoba. A 1999 Boyd Swinburn da abokan aikinsa a Niyu Zilan da Ostireliya suka tsara hanyar nazarin muhallin da ke jawo ƙiba, daga farashi zuwa talla zuwa tsarin gari. A 2001 David Ludwig da Steven Gortmaker suka bi yara 548 a makarantun Massachusetts, suka ga kowane ƙarin kofi ɗaya na lemon zaƙi a rana yana tafe da ƙarin haɗarin ƙiba da kusan kashi 60 cikin ɗari. Da WHO da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara a 2003 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi goma cikin ɗari na kuzarin abincin mutum, ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta yi barazanar matsa wa majalisar ƙasar ta janye dala miliyan 406 da take bai wa hukumar. Shawarar ta tsaya, amma sai a 2015 ta zama jagora ta hukuma.

Daga tsakiyar shekarun 2000 aka fara kafa cibiyoyin da aikinsu kacokan shi ne nazarin dokoki, ba nazarin jiki ba. Brownell ya buɗe Cibiyar Rudd a 2005. Gidauniyar Robert Wood Johnson ta ware dala miliyan 500 a 2007 don yaƙi da ƙibar yara, ta ƙara wasu 500 a 2015. A Birtaniya rahoton Foresight na 2007 ya zana taswirar dalilan ƙiba guda 108 da ke cuɗe da juna, taswirar da aka fi yabawa fiye da amfani da ita. A 2009 aka kafa rukunoni biyu a Amurka: NCCOR, wanda ya haɗa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC da cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa da gidauniyar Johnson, daga baya ma'aikatar noma ta shigo, da NOPREN, wanda CDC ta kafa don haɗa jami'o'i da jami'an lafiya na jihohi da birane. Aikinsu ba mai ɗaukar ido ba ne. Tambayoyi ne irin su ko famfon makaranta yana kawo ruwan da yaro zai yarda ya sha, ko kantin ƙauye yana da ganye, ko hana sayar da lemo a makarantun birnin Boston a 2004 ya rage sha ko kuwa yara sun koma saye a waje. An auna, an ga ya rage. Amfanin rukunonin shi ne idan wani birni ya yi doka yau, akwai masu ma'auni a shirye, kuma ma'auninsu ɗaya ne da na birnin gaba.

Akwai giɓin da ya rage, domin kamfanoni suna cewa ganin abubuwa biyu tare bai nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. A 2012 masu bincike a Holan suka toshe shi. Sun ɗauki yara 641 'yan firamare, kowane yaro gwangwanin lemo ɗaya a rana har watanni 18, rabi mai sukari rabi mai zaƙin da ba sukari ba, gwangwanayen iri ɗaya, ba yaro ba malami babu wanda ya san abin da ke ciki. Masu shan mai sukari suka ƙara kilo 7.37, ɗaya rukunin kilo 6.35. Bambancin kilo ɗaya daga gwangwani ɗaya tak a rana.

Duk da haka yunƙurin farko ya sha ƙasa. Denmak ta sa haraji a kan kitse a Oktoban 2011, ta soke shi bayan shekara guda da 'yan watanni saboda kukan 'yan kasuwa cewa mutane na tsallakawa Jamus sayayya. Binciken da ya nuna cin kitse ya ɗan ragu bai fito ba sai bayan an binne dokar. A New York kotu ta rushe dokar magajin gari Michael Bloomberg ta hana sayar da lemo a kofin da ya wuce oza 16.

Meziko ce ta sauya labarin. A farkon shekarun 2010 kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan ƙasar nauyinsu ya wuce kima, ciwon suga na cikin manyan masu kisa, kuma ƙasar na sahun gaba a shan lemon kwalba. Cibiyar Lafiyar Jama'a ta Ƙasa da ke Cuernavaca, inda Juan Rivera ya daɗe yana jagorantar nazarin abinci, ta riga ta lissafa yadda saye zai ragu idan farashi ya tashi. Ƙungiyar kare masu saye ta Alejandro Calvillo ta ɗauki alƙaluman ta kai su titi da allunan talla masu tambayar ko uwa za ta yarda ta ba ɗanta cokali goma sha biyu na sukari, gidauniyar Bloomberg ta biya kuɗin. Ranar 1 ga Janairun 2014 harajin peso ɗaya a kan kowace lita ya fara aiki, kimanin kashi goma cikin ɗari na farashi. Arantxa Colchero da Rivera suka haɗa kai da Barry Popkin da Shu Wen Ng na Jami'ar North Carolina, suka bi sayayyar gidaje 6,253 a birane 53 tun daga shekaru biyu kafin harajin. Sakamakon ya fito a 2016: sayen lemon ya ragu da kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, ya kai 12 a watan Disamba, a gidajen talakawa kuwa ya kai 17. Bincike na biyu ya nuna raguwar ta ƙaru a shekara ta biyu, abin da ya karya maganar cewa mutane za su saba su koma gidan jiya.

A nan masu tarihi ke rabuwa. Wasu sun ce kuɗin shiga ne kawai: gwamnatin Enrique Peña Nieto na neman rage dogaro da mai, harajin lemo ya shigo cikin babban garambawul na haraji. Gaskiya ne, kuma babu ministan kuɗin da ke ƙin sabuwar hanyar samu. Sai dai Finlan da Norwe sun daɗe suna karɓar haraji a kan lemo don kuɗi kawai, babu wanda ya kwaikwaye su. Wasu sun ce dukiyar Bloomberg ce. Amma dukiyar da muƙamin ba su cece shi a New York ba. Abin da Meziko ta samu wanda Denmak ta rasa shi ne masu binciken cikin gida da suka san majalisarsu, abokan aiki na waje masu riƙe da bayanan kasuwa, da awon da aka ɗauka kafin doka, har sakamako ya fito kafin masu adawa su kai ga soke ta. Alƙaluman nan ne aka riƙa ɗauka daga majalisa zuwa majalisa, kuma a 2016 WHO ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma martanin da ya biyo baya ya nuna inda ya yi zafi. A Agustan 2015 New York Times ta bankaɗo cewa Coca-Cola ce ta ba da dala miliyan ɗaya da rabi aka kafa wani rukunin masana mai suna Global Energy Balance Network, wanda saƙonsa shi ne rashin motsa jiki ya fi abinci laifi; kafin ƙarshen shekarar rukunin ya watse. A 2017 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano an aika wa Calvillo da Simón Barquera na cibiyar Cuernavaca saƙonnin waya masu ɗauke da manhajar leƙen asiri ta Pegasus a daidai lokacin da suke neman a ninka harajin.

Ƙasashen da suka biyo baya sun gyara tsarin. Birtaniya ta sanar da nata a 2016, ya fara aiki a Afrilun 2018, hawa biyu a lokacin: peni 18 a lita idan sukari ya kai giram 5 a mililita 100, peni 24 idan ya kai giram 8. Shekaru biyun da aka bayar suka sa yawancin kamfanoni suka rage sukari da kansu don tsere wa haraji, har sukarin da ke cikin lemon ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2015 da 2019. Chile ta bi ta wata hanya: daga Yunin 2016 duk abin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi masa yawa sai an manna masa baƙin tambari mai kusurwa takwas, ba a tallata shi ga yara, ba a sayar da shi a makaranta. Sanata Guido Girardi, wanda likita ne, shi ya tsara dokar tare da masanin abinci Ricardo Uauy, kuma nazarin Jami'ar Chile da ta North Carolina ya nuna sayen lemo mai tambarin ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Masu suka suna da magana guda mai nauyi: raguwar saye daban, raguwar ƙiba daban. Hujja a nan ba ta da yawa. Nazarin Jami'ar Cambridge na 2023 ya ga raguwar ƙiba da kashi 8 cikin ɗari tsakanin 'yan mata 'yan ajin ƙarshe na firamare a Ingila, bai ga haka a wurin maza ba, kuma babu ƙasar da haraji kaɗai ya juya alƙaluman manyanta.

A Afirka, Afirka ta Kudu ta fara nata a Afrilun 2018 bayan lissafin cibiyar PRICELESS ta Jami'ar Witwatersrand, ana cajin kowane giram na sukari da ya haura huɗu a mililita 100. A Ghana, Amos Laar na Jami'ar Ghana da abokan aikinsa sun yi amfani da ma'aunin rukunin INFORMAS, wanda Swinburn ya kafa, suka auna manufofin abinci na gwamnati, kuma a 2023 majalisa ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemon zaƙi. Najeriya ta sa naira 10 a kan lita cikin dokar kuɗi ta 2021, wato naira 5 a kwalbar rabin lita, adadin da hauhawar farashi ta cinye. Ƙungiyar fafutuka ta CAPPA ta nemi a kai shi naira 130, ƙungiyar masu masana'antu na cewa ayyuka za su salwanta, kuɗin kuma asusun gwamnati na bai ɗaya yake shiga, ba a keɓe shi ga lafiya ba. Nauyin a nan biyu ne: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure, a arewa maso yamma kashi 57. Hanyar awon Meziko kuma ta dogara ne da kayan kanti masu lamba a jiki, alhali a Kano ko Zariya sukari mai yawa ta teburin mai shayi yake shiga ciki, da zoɓo da kunun aya na gorar roba da ake haɗawa a gida, waɗanda harajin bai shafe su ba, kuma ba sa shiga lissafin kowane kamfani.